Manoman Tumatir Biyu a Teburin Manya

Tanimu, tun da ka ce a sabon wurin aikinka kana gyaɗa kai ga abin da ba ka gane ba don kada a kira ka baƙauye, gyara zama in ba ka misali.

Wasu manoman tumatir ne su biyu, gonakinsu na jere a bakin wata madatsar ruwa. Wata shekara sai wata madam mai babban gidan cin abinci a Abuja ta aika musu da gayyata. Irin wurin nan ne da ake shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, a jera wa mutum ɗaya cokula da wuƙaƙe kamar za a yi masa tiyata. Manomi guda take nema wanda zai riƙa kawo mata tumatir duk shekara, kuma wanda ya samu cinikin ya huta da kallon kwandunansa suna ruɓewa a bakin titi idan kaya suka cika kasuwa. Ta ce kafin a yi maganar komai sai sun ci abincin rana tare da ita. Ɗayansu ya taɓa zaman shekara biyu a Legas, don haka tun a mota yake ja wa maƙwabcinsa kunne cewa in an je ya dubi hannunsa, ya yi yadda ya yi, kuma don Allah ya kama bakinsa. Maƙwabcin dattijo ne da bai taɓa wuce Zariya ba. Ya ce to.

Da aka zaunar da su, aka miƙa wa kowa takardar sunayen abinci, rabinta da Faransanci. Mutumin Legas ya ɗaga gira kamar ya gamu da tsohon aboki, ya ɗora yatsa a kan sunan da ya fi tsawo, a zatonsa tsawon suna shi ne yawan nama. Dattijo ya juya takardar sama da ƙasa, ya yi dariya, ya ce wa matar da ke hidimar teburin, "'Yata, ni ko bokon gida bai ishe ni ba. Wanne ne a nan zai ƙosar da wanda ya yi sammako?" Ta yi murmushi ta bayyana masa ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi gasasshen haƙarƙarin rago da miyar tumatir. Ya tambayi cokalin da ake farawa da shi, ta nuna masa.

Ana cikin haka aka kawo wata kwalba a bokitin ƙanƙara, kamar yadda aka saba yi wa baƙin madam. Aka buɗe ta da ƙara fau, aka tsiyaya wa kowa a dogon kofin gilashi, ruwa launin zinariya, ƙananan kumfa na ta hawa sama kamar jerin tururuwa. Mutumin Legas har ya kai kofin leɓe, sai ya ji dattijo yana cewa, "Wannan mai tsalle-tsallen fa, yaya sunansa? Yana bugarwa?" Aka ce masa shampen ne, giyar inabi ce mai tsada. Madam ta dafe ƙirji ta ba da haƙuri, ta sa aka kwashe, aka kawo musu ruwan inabi mai kumfa wanda babu giya a ciki. Mutumin Legas ya ajiye nasa a hankali, ya ce dama shinshinawa kawai yake yi. Da abinci ya iso, sai ga dodon koɗi guda shida a gabansa cikin man shanu da tafarnuwa, da wani ɗan ƙarfe mai kama da awartaki. Bai tambayi yadda ake riƙe shi ba. Ya matsa na farko, ya suɓuce, ya gangara har ƙarƙashin teburin wasu baƙi. Daga nan ya naɗe hannu ya ce shi a ƙoshe yake.

Shi kuwa dattijo yana ta gwaguyar haƙarƙari yana santi. Da ya ɗanɗani miyar sai ya dakata, ya tambaya me ya sa aka zuba sukari a miyar tumatir. Madam ta sa aka kirawo babban kuku daga kicin. Kukun ya ce tilas ce ta sa, tumatir ɗin da ake kawo masa ɗanye ake tsinkewa, ga tsami, ga ruwa tsululu, rabinsa a dagargaje. Dattijo ya matsa kujera. Wane girma kake so? Yaya nunarsa? Kwana nawa yake yi a wurinka kafin ya shiga tukunya? A kwando ko a akwati? Kafin a kwashe kwanuka ya gane cewa abin da kukun ke nema shi ne wani iri mai kaurin tsoka da yake shukawa a gefen gona domin shanya, wanda dillalai ke rainawa saboda ƙanƙantarsa. A sati na gaba ya aiko da akwati biyu, aka ɗanɗana, ciniki ya faɗa.

A hanyar komawa gida ranar cin abincin kuwa, dattijo ya roƙi direba ya tsaya a tasha, ya saya wa maƙwabcinsa shinkafa da wake da mai da yaji. Mutumin Legas ya share kwano biyu, sai da ya sha ruwa sannan ya fashe da dariya, su duka suka yi ta ƙyaƙyatawa har gida. Da buƙatar gidan abincin ta fi ƙarfin gonar dattijo, shi ya ba maƙwabcin nasa irin, suka riƙa loda mota ɗaya.

Gaskiyar Bahaushe da ya ce, matambayi ba ya ɓata.