Kwale-kwalen Sarkin Ruwa a Tsohuwar Kotu

Kai da ba ka iya ganin ƙaramin aibu ka kau da kai, zauna ka ji wannan. A wani gari na bakin kogi akwai tsohuwar kotun alƙali, ginin ƙasa, rufin azara. Da aka gina sabuwa ta siminti, sai hukuma ta ce a mai da tsohuwar gidan tarihin masunta. Aka rataye koma da ƙugiyoyi, aka jera gorunan kamun kifi, aka jingina filafilai a bango. Amma abin kallon shi ne kwale-kwalen da sarkin ruwan garin ya gada wurin kakansa, wanda aka sassaƙa daga maɗaci guda. Dattijon nan yana son jirgin kamar ransa. Ranar da aka shigar da shi har ƙwalla ya yi, ya ce yanzu jikokin jikokinsa ma za su gan shi.

To, bazara ta kama, jirgin da bai taɓa kwana a tudu ba ya fara tsagewa. Tsagar ma fa ko allura ba za ta shige ta ba, amma hankalin dattijo ya tashi. Masunci kuwa magani ɗaya ya sani: jirgi in ya bushe, ruwa ake ba shi. Kullum safiya sai ya sa a tuttula masa tulu-tulu. Mai gadin wurin, shi ma jinin masunta ne, ya ɗauki na yamma. Masu zuwa kallo suka ga abin da manya ke yi, kowa ya riƙa zuwa da bokitinsa don neman albarka. Kai, har kwaɗi suka fara kuka a inda alƙali ke zama a da! Gindin bango ya jiƙe sharkaf, yana ɓarɓashewa, babu wanda ya dubi ƙasa, kowa jirgi yake dubawa. Wata rana dattijo ya shafa gefen jirgin, ya ce, "Alhamdu lillahi, ta haɗe!" Bai kai ga saka takalminsa a waje ba ya ji rim! Bango ya zauna, azara ta rikito, ta raba jirgin kaka gida biyu. Matan unguwa suka kwashi guntayen don girki, suka dawo suna mita, wai ko wuta ya ƙi kamawa, ya sha ruwa. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira an rasa ido.