Babbar Ya Zaɓa

Ranar Laraba ce, hadari ya haɗo daga gabas, mai shago a Malanbil, tsallaken iyaka, ya jera wa wani saurayi ordinatar biyu, wato kwamfuta.

"Ƙaramar nan tana da batiri, ko an ɗauke kuran za ka yi zanenka. Babbar sai da wuta, amma wasan ƙwallo a cikinta kamar kana fili."

Saurayin ya shafa babbar. Katin biki da allon shago ya ce wa Baba zai riƙa zanawa, shi ya sa tsohon ya sayar da ɗaya cikin shanun huɗarsa biyu. Zancen wasa kuwa bai taɓa yi masa ba.

"Babbar," ya ce.

Ya tsallako gada zuwa Gaya da kwali a ka. Washegari aka tashi da sojoji a kan mulkin ƙasarsu, gada a rufe. Bayan mako guda Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba su. Kuran ya zama baƙo, ya leƙo ya wuce.

Wata safiya Baba ya shigo da taɓon fadama har gwiwa. Ya daɗe tsaye gaban baƙin gilashin ordinatar, yana gyara hularsa.

"Madubin nan naka yana nuna mutum da kyau," ya ce. Ya jingine wata fartanya a bakin ƙofa, ya fita da tasa.

Saurayin ya ɗauka, ya bi bayansa.

Abin da aka rasa a daminar nan: sa ɗaya, rabin gonar shinkafa, da "ɗana mai zane" da Baba ya daina faɗa a kasuwa.