Ruwan Iya Abeke

Ƙofar Iya Abeke ta daina rufuwa, bango ya tsage har hannu na shiga. Kaf unguwarsu a Legas ta baza magana, har da rantsuwa, wai maƙwabcinta Baba Lasisi ne ya binne mata asiri.

Wani injiniyan auna ƙasa da ya zo duba gidan ya murza laka a yatsunsa, ya dubi layin bokitai a bakin rijiyar burtsatsenta.

"Mama, da me kike ci?"

"Da ruwan nan mana, ɗan nan. Ni da jikokina."

"To, a kansa gidanki yake zaune. Kina zuƙewa, laka na motsewa, gida na nutsewa."

Ashe ita ke sayar da ƙasan gidanta bokiti-bokiti!

"Iya, kunna injin ruwan mana, rana na yi!" in ji wata a layi.

Ta dubi bangon. Ta tashi ta kunna.