Kududdufin Bayan Kasuwa

Tunda an ba ka kujera a ofishin tsara gari, gyara zama ka ji wani misali.

An yi wani injiniya da ya gina garinsu kaf a cikin kwamfuta, da lungunansa da kwalbatocinsa, da tudu da gangare. In ya so sai ya saki ruwan sama a kan garin na cikin allo, ya zuba ido ya ga inda zai bi. Ana nan sai manyan gari suka ƙudura cike tsohon kududdufin bayan kasuwa, wanda kakanni suka haƙa garin ɗibar ƙasar gini, don a jera shaguna a wurin. Ranar zaman kwamiti aka kira shi ya gwada musu. Ya cike kududdufin a allo, ya saki ruwa irin na tsakiyar damina. Kowa na kallo ruwan ya zo ya rasa masauki, ya juya ya gangara unguwar masaƙa, yana haɗiye ta gida-gida. Gabansa ya faɗi, don a layin farko na unguwar nan yayarsa take da gida, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Shugaban kwamitin kuwa surukinsa ne, uban matarsa. Dattijon ya tsuke fuska ya ce, "Bakinka ya sari ɗanyen kashi! Wa ya aike ka ka yi wa bayin Allah mugun fata? Rage ruwan nan." To, ɗan mutunci ba ya musu da surukinsa a gaban jama'a. Ya sunkuyar da kai ya rage. Unguwar ba ta fita daga ruwan ba, ya ƙara ragewa, har damina ta koma yayyafi. Allo ya yi fes, aka yi ta madalla, aka shafa fatiha aka watse. Ya so ya je ya gargaɗi yayar, amma ya san in maganar ta bazu, suruki zai gane bakin da ta fito. Sai ya yi gum, yana lallashin kansa da cewa ai na'ura ma tana kuskure.

Tifofi suka cike ramin, shaguna suka tashi. Damina ta kankama, wata Juma'a bayan la'asar sama ta ɓalle, kuma wannan karon babu wanda zai ce mata rage. Ya fito a guje, ruwa ya tare shi a kan gada. Nan ya tsaya yana kallon ambaliya tana bin hanyar da ya sani, ta karya kwana daidai inda ta karya a allo, har yana sanin gidan da zai bi baya kafin ya rushe. Ɗakin yayarsa ginin ƙasa ne, kuma tana ciki ya rufta. A zaman makoki surukin ya zo da babbar rigarsa, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Sai haƙuri. Wa ya isa ya san haka za ta faru?" Ya kasa ɗaga kai, don duk cikin masu gaisuwar nan shi ne ya rage ruwan da hannunsa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, in an ƙi ji, ba a ƙi gani ba.