Lamba Arba'in da Ɗaya

Kibau talatin da takwas ne suka taru a kan ɗigo guda. Dakta ya ƙirga, ya cire tabarau ya goge, ya sake ƙirgawa, suna nan yadda suke.

Wata uku ke nan yana bincike a wata masana'antar ɗinka kayan makaranta. Aikinsa shi ne zana taswirar hulɗar ma'aikata, a ga wa ke magana da wa, labari kuma ta ina yake bi. Kowane mutum ɗigo ne a takarda, kowace hulɗa kibiya. Wajen riƙe amana kuwa ba a gaya wa Dakta, shi ke koyar da darasin a jami'a. Ma'aikata kan cike takardar tambayoyi su jefa a akwati mai kwaɗo. Anti, sakatariyar sashensu a jami'a, ita ke buɗewa, ta ba kowane sunan da aka ambata lamba, ta kulle jerin sunayen a durowa. Shi lambobi kawai yake gani, kuma ya ja mata kunne kada ta kuskura ta gaya masa komai.

Tambaya ta bakwai ce ta jawo magana: "Daga bakin wa ka fi jin labarin mutanen wurin nan?" Mutum talatin da takwas suka nuna lamba arba'in da ɗaya. Manaja dai ya ce ma'aikatansa arba'in ne, amma Dakta ya ɗauka ya manta da mai gadi.

Ran Dakta ya ɓaci, don ya ga ɓarnar da idonsa. Masu guga, su biyu ne rak, mace da namiji, sun daina gaisawa da masu yanka yadi. Direba ya yi sati bai ci abincin matarsa mai ɗinka maɓalli ba. Tsofaffin ma'aikata sun rantse cewa a da ba haka wurin yake ba, kwanan nan ne shaiɗan ya shigo.

Ya san duk wannan ne saboda shi ba irin masu binciken nan ba ne da ke miƙa takarda su juya. Yakan ja kujera a kowane sashe a sha shayi. Ya kuma gano cewa mutum ba ya sakin jiki sai an ɗan share masa hanya, don haka yakan fara da, "Wata a sashen guga ta ce mini kaza, ku yaya kuka gani?" Suna kam bai taɓa kamawa ba, kuma yana alfahari da hakan.

A babi na biyar na rahotonsa ya wanke lamba arba'in da ɗaya tas. Ya kira shi matattarar gulma, mai zama da kowa yana cin naman kowa. Abin da ya fi ƙona masa rai, babu kibiya ko ɗaya da ta fito daga ɗigon. Wato munafukin ko takardar ma bai cike ba.

Kuskurensa ɗaya, ya nuna wa Manaja taswirar.

"Wannan gizo-gizon na tsakiya wane ne?" in ji Manaja.

"Sirri ne, ranka ya daɗe."

"Riƙe sirrinka, na riga na gane. Inna mai shara ce, wa ke shiga kowane ɗaki in ba ita ba? Yau za ta ajiye tsintsiya."

Dakta ya hau roƙon Manaja. Inna ta shekara ashirin da biyu tana sharar ƙyallaye a wurin, da aikin take riƙe jikoki uku. Ita ke ajiye masa kujera a ƙarƙashin fanka, kuma sai an ɗaga murya take ji. Ya yi bayani har maƙogwaronsa ya bushe. Manaja ya dubi agogo, ya ce ko a kawo masa wani suna kafin ƙarfe huɗu, ko ita.

A mota Dakta ya yi ta kokawa da zuciyarsa. Ya yi wa mutane alkawari, ya sa hannu a gaban kwamitin jami'a. Amma a kori tsohuwa a kan taswirarsa? Yana tsaye a danja dabara ta faɗo masa. Wanda bai cike takarda ba ai bai sa hannu a yarjejeniya ba, wanda bai sa hannu ba kuwa babu alkawari tsakaninsu. Har da dukan sitiyari don murna.

Huɗu saura kwata ya faɗa ofishin Anti yana haki, ya ce ta buɗe durowa.

"Dakta, ka zauna ka sha ruwa tukuna. Tun watan jiya nake so in..."

"Anti, ba lokaci. Mutumin nan ya raba mata da miji. In an kore shi, shi ya jawo wa kansa."

Anti ta dube shi ta saman tabaraunta, ta ce to. Kafin ta gama juya mabuɗi ya riga ya kira Manaja, ya buɗe muryar wayar, ya ajiye a kan tebur.

"Ranka ya daɗe, Inna ba ta da laifi. Ga mai laifin nan, ka saurara da kyau, kuma kada ka ji tausayinsa."

Ya fizgi takardar, ya bi da yatsa har layin ƙarshe, ya gyara murya, ya karanta da ƙarfi yadda yake karanta sakamakon jarrabawa:

"Lamba arba'in da ɗaya: malamin nan mai tabarau da ke zuwa yana yi mana tambayoyi."