Shayin Merv

Glenys Purcell ta lashi ɗan tsinken gwajin ƙwaya, ta miƙa wa 'yar sandar ta tagar bas ɗin makarantar da take tuƙawa tana murmushi. 'Yar sandar ma a wannan bas ɗin ta riƙa zuwa firamare tana yarinya.

"Yi haƙuri, Mama, kowa muke tsayarwa yau."

"Yi aikinki, 'yar nan. Ni ko giyar Kirsimeti ba na gamawa."

Can sai murmushin 'yar sandar ya ɗauke. Akwai wiwi a yawun Glenys, ga yara cike da mota a bayanta. Kafin mako ya zagayo an karɓe lasinta, kamfanin ya dakatar da ita har sai kotu ta yi magana.

A gida Merv, mijinta, ya yi ta faɗa daga kujerarsa. Tun da tarakta ta danne masa baya ba ya iya nisa da kujerar. A farkon hunturu ya shiga wani bincike na jami'a a garin Lismore: rabin majinyata ana ba su man wiwi, rabi man zaitun zalla, ba mai sanin nasa sai an kammala. Sharaɗin farko shi ne ya ajiye tuƙi, domin doka ba ruwanta da takardar likita.

"Ni man miya suka ba ni," in ji shi kullum. "Ciwon ko gezau."

Duk da haka binciken ya sauya shi. Mutumin da bai san inda cokali yake ba, sai ga shi yana dogara sanda da sassafe ya haɗa mata shayi da madara da zuma. Ita kuwa barcinta ya yi daɗi, gwiwoyinta suka daina damunta. Ta ɗauka kwanciyar hankali ce.

Glenys ta zauna ta bi duk abin da ya shiga bakinta, ta tsaya a kan ƙawarta Raelene. Tare suka tashi, kuma duk Laraba Raelene na kawo biskit ɗin da ta gasa. Ɗanta kuma yana zaune a tsaunukan Nimbin, kowa ya san abin da yake nomawa.

Ta tare ta a bakin kanti, a gaban mutane.

"Me kika sa a biskit ɗin nan?"

"Man shanu da kwakwa, uwar tsegumi. Me kike nufi?"

"Da 'ya'yan mutane a motata, Rae!"

Raelene ta dube ta, ta ɗauki jakarta ta wuce. Laraba ta zo ta wuce ba a ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Merv ya ce ta yi daidai. Ya ce ta manta da kotu, ta manta da bas; shekarunta sun ja, ga baranda, ga shi. Da rana sukan zauna su kalli shanun maƙwabci. Ta lura bai taɓa sakewa haka ba tun hatsarin. Ita dai in ƙarfe uku ta yi, lokacin tashin makaranta, sai ta ji hannunta na neman makullin bas.

Ranar da aka rufe binciken, jirgin ƙasa babu, sai maƙwabci ne ya sauke su a Lismore. Dakta Haddad, matar da ke jagorantar aikin, ta zaunar da su, ta cire tabarau.

"Malam Purcell, man wiwin na gaske muka ba ka."

"To bai yi aiki ba."

"Ba zai yi ba. Sai yanzu aka buɗe mana sakamakon jini, kuma babu ko ɗigo a naka, tun daga farko. Kwalaben kuwa a wanke kake dawo da su. Ina maganin ya tafi?"

Glenys ta buɗe baki za ta kare shi. Ita ce shaida, ai kullum da safe tana jin ƙarar murfin kwalbar daga kicin.

Merv bai kalli likitar ba. Ya ɗora hannu a gwiwar matarsa, a hankali, kamar mai lallashin yaro.

"Na roƙe ki ki bar motar nan ki zauna da ni, Glen, kin ƙi ji," ya ce. "Shi ya sa na riƙa zuba miki a shayi."