Tagwayen Gidan Ramalan

Ranar Talata, sha huɗu ga Maris, 2006, Munzali ya yi sallama a ƙofar Malama Hasana a Rano, daga nan ɓarnar ta fara.

Ɗalibi ne mai neman digirin digirgir a fannin tattalin arziki. Tambayarsa ɗaya ce: shin makaranta ce ke sa mutum ya iya karatu da lissafi, ko kuwa masu kaifin kai ne dama ake kaiwa makaranta? Dabararsa kuma tagwaye. Ciki ɗaya, nono ɗaya, tuwo ɗaya. In ɗaya ya yi boko ɗaya bai yi ba, duk bambancin da aka gani aikin makaranta ne.

Ya tattara tagwaye daga Rano zuwa Kibiya, amma babu waɗanda suka yi masa daɗi kamar 'ya'yan marigayi Ramalan na Durba. A zamanin da dagaci ke karɓar yaro ɗaya daga kowane gida, sunan Hasana aka rubuta. Ta wuce kwalejin horon malamai, ta koyar har ta yi ritaya. Huseina tana Durba, tana surfe da kiwon awaki. Kamarsu ɗaya, har mahaifiyarsu Iya ta shahara da cewa ko ƙosai ba ta taɓa ba ɗaya ta hana ɗaya ba, don kowa ya san ba a bambanta tagwaye.

Munzali ya yi wa kowacce gwaji ita kaɗai. Da ya jefa wa Huseina tambayar farko, sai ta miƙe tsaye kafin ta amsa. Ya yi dariya.

"Zauna abinki, Baba. Ba kotu ba ce."

Ta cinye lissafin duka. A karatu ma da kaɗan Malama ta fi ta.

Bai tambayi kowa dalili ba. Ya zuba alƙaluma a kwamfuta, tazarar shekarun karatun matan nan biyu ta fi ta kowa, don haka su suka fi jan sakamakon. Aka ba shi digiri. Sannan ya dawo Kibiya, ya tsaya gaban taron iyaye da malamai, ya ce firamare ba ta ƙara wa 'ya mace wani abin kirki. Ya kira sunansu a lasifika: ga malama, ga jahila, makinsu ɗaya.

Kafin damina ta faɗi, ajin 'yan mata na Durba, wanda Malama ta bi gida-gida ta cika, ya koma saura benci biyu. A kasuwa ana ce mata, "Malama, ashe zaman banza kika yi!"

Ta same shi ta ce ya janye maganarsa.

"Hajiya, alƙaluma ba sa ƙarya."

"Ɗan nan, ka tambayi Huseina ko ta taɓa shiga aji?"

"Na duba rajista. Babu sunanta."

Ta tafi Durba, suka daɗe a ɗaki ita da 'yar'uwarta. Abin da za ta faɗa zai iya zubar da duk mutuncin da ta tara a aikin koyarwa. Huseina ta ce, "Faɗi kawai. Iya ta rasu, wa za a daka?"

A taro na gaba Malama ta karɓi lasifikar da kanta. Ta ce tana neman Dakta Munzali ya dawo wannan fili, gaban waɗannan iyaye, ya ce ya yi kuskure, a mayar da yara aji. Kuma ya durƙusa ya nemi gafarar matar da ya kira jahila.

"Riga ɗaya muka yi firamare da ita, suna ɗaya, yau ni gobe ita, haka Iya ta tsara. Ranar jarrabawar shiga kwaleji kuwa, ranar Huseina ce."